Ranar da Na Rataya Aikin Malama a Wuya

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har wani lokaci nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Amma akwai wata Alhamis a kasuwar Maigatari da ko an wanke mini kai da sabulu ba za ta fita ba. Ranar ce aka mai da ni ma'aunin jahilci a hukumance, na kuma ci jarrabawa ba tare da na gane tambayar ba. Har yau ban gama ganewa ba, saboda haka kada mai karatu ya sa rai zan wayar masa da kai.

Cikin shekarun casa'in ne, jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, ina masinja a wani ofishin kula da dabbobi a Gumel. Bokona ya tsaya a aji huɗu na elemantare, inda mahaifina ya duba ya ga gonar gero ta fi malamai bukatata. Hausa ina karanta ta sarai. Turanci ma ina karantawa, in dai ya yarda ya yi tafiya a hankali.

A ofishin akwai wata ma'aikaciya Kirista 'yar Filato, kowa Malama yake ce mata, ita kuma ta ce mini Baba. Ita kaɗai ce ba ta tsoron kwamfutar da wani shirin taimakon makiyaya ya kawo mana. Mu sauran, in za mu wuce ta gabanta har tattare riga muke yi. Malama ta zauna ta rubuta wa wannan na'ura umarni, layi bayan layi, kamar yadda uwa ke jera wa yarinya aike: in an ce miki kaza, ki yi kaza. Amfaninsa shi ne, a auna ƙirjin saniya da tef irin na tela, a faɗa wa kwamfuta, ita kuma ta faɗi yawan maganin da za a zuƙa a sirinji. Kafin nan da ido ake yi, ido kuwa yana ƙarya a kan ramammiyar saniyar ƙarshen rani. An yi asarar maruƙa ba kaɗan ba.

To, ga inda matsalar take. Ashe kwamfuta ba ta jin rubutun Malama kai tsaye. Sai da wani firogiram a tsakani, wanda Malama ke kira tafinta, shi ke karanta layi ya faɗa wa na'ura, ya sake karanta wani ya faɗa mata. Tafintan nan a kwamfutar Gumel kaɗai yake zaune. Wadda aka ajiye a ɗan ofishinmu na bakin kara, wato kasuwar shanu, a Maigatari tsohuwa ce, cikinta ba ya ɗaukarsa. Kuma ko a Gumel ɗin, Malama kaɗai ta san yadda ake tashinsa daga barci. In ba ta nan, babu amsa.

Malama kuwa tana da tsohon ciki. Wanda ya gabata bai zo da rai ba, kowa a ofis ya sani, ba mai furtawa. Likita ya ce ta tafi gida da wuri, kusa da uwarta da asibitin da ya san tarihinta, tun tana iya zaman mota. Shugabanmu ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai. Lokacin ne garkuna ke taruwa a Maigatari kafin su yi arewa da faɗuwar damina, yana ganin in ta tafi komai zai rushe a kansa. Ina cikin ofishinsa ina goge tebur ta shigo da takardar hutu.

"Yallaɓai, in na ƙara jinkiri ba zan iya hanyar ba."

"Na sani, Malama. To wa zai yi magana da injin nan? Ni?"

"Ana iya mayar da rubutun ya tsaya da kansa, ba tafinta, ba ni. Kowa ma zai iya kunna shi."

"Kowa?" Ya waiga yana neman misalin kowa, idonsa ya sauka a kaina. "To shi ke nan. In tsohon nan ya kunna shi shi kaɗai a Maigatari ranar kasuwa, bai tambaye ki ko kalma ɗaya ba, a nan take zan sa hannu."

Na ajiye tsumma na ce, "Yallaɓai, na gode da wannan girma." Har yanzu ban tabbatar ba ko girma ne.

Wanda zai yi aikin wani mutumin Damagaram ne mai gyaran injuna, da ke tsallakowa duk mako ya kwana don kasuwa. Ranar Laraba na je na ɗauko shi a tasha. Na zaci zan ga akwati da ƙarafa, sai na ga siririn mutum da hannu biyu kawai. Na ce, "Malam, ina kayan aikin? Ko 'yan duwan ɗinku, masu kwastan, sun karɓe?" Ya buga aljihun gaban rigarsa. Ya fito da wani gwangwani mai faɗi, a ciki akwai diski, irin baƙaƙen nan masu kusurwa huɗu da ɗan ƙarfe a baki. Ya ce kayansa ba sa bukatar a zuba su a cikin na'ura. Daga kan diskin suke aiki, in ya gama ya zare abinsa ya mayar aljihu, ofishin kowa ya shiga haka yake yi. Na ce ashe wanzami ne, komai nasa a zabira. Ya ce e, kuma in na ci gaba da surutu zai fara da kaina.

Da muka isa ofis, shi da Malama suka zauna gaban kwamfuta, na zauna a bayansu don in koyi ilimi. Ya sa diskinsa, na'ura ta yi gurnani. Malama ta ce mini abin da ke cikin diskin zai haɗiye rubutunta, ya haɗiye abin da ake bukata daga tafinta, ya dunƙule su wuri ɗaya. Na ce, "Shi tafintan ya yarda?" Suka ci gaba da aikinsu. Karon farko abin ya ƙi, ya tsaya a wani layi yana ƙorafi da Faransanci. Mutumin Damagaram ya fassara da Hausa, Malama ta yi tsaki da Turanci, ta gyara. Ya sake ƙi a wani wurin. Haka suka yi ta yi, tana riƙe da ƙugu, fanka na juya zafi. Ni dai aikina kawo ruwa da cewa "Allah Ya sa a dace" duk lokacin da na ga fuskarsu ta canja, ko da ban san ta wane ɓangare ta canja ba.

Can bayan azahar mutumin ya tafa hannu ya ce an gama. Malama ta ce, "Baba, matso ka gani." Ta nuna mini rubutunta na farko, layi-layi gwanin kyau, har na tsinci kalmomi biyu da na sani. Sannan ta buɗe sabon. Jama'a, gilashin nan ya cika da tarkace: ƙananan fuskoki masu murmushi, kibiyoyi, wasu ƙugiyoyi, na'ura kuma tana ƙara kamar an taka ɗan tsako.

Na ce, "Innalillahi! Ya ɓata miki aiki. Bari in tare ƙofa."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Bai ɓata ba, Baba. Rubutun ne aka rufe. Yanzu ba mai karanta shi, ba mai canja shi, ba a buɗewa. Amma duk inda ka kai shi zai yi aikinsa."

Na auna maganar. Rubutu, an rufe, ba a karantawa, ba a buɗewa, yana aiki duk inda aka kai shi. Na ce, "To ai laya ke nan. Don me kuka yi ta zagaye-zagaye?"

"Kira shi duk abin da kake so, in dai za ka kai shi lafiya."

Ta zuba shi a sabon diski, ta koya mini darasina: in tura shi a rami, in buga SHANU, in danna babban maɓalli. Na maimaita har ya zauna. Ba ta bari na ga abin da ke biyo baya ba, wai kada shugaba ya ce an sata mini amsa. Ta ce kada rana ta taɓa shi, kada yashi ya shiga, kada in ajiye shi kusa da rediyo. Da yake ita a motar ofis za ta tafi Maigatari washegari tare da shugaba, ni kuwa a motar kasuwa, sai ta damƙa mini na tafi da shi gida.

A gida na yi abin da kowane mai sabon ilimi ke yi, na tara jama'a. Jama'ar kuwa mai ɗakina ce kawai. Na ɗaga diski na yi mata bayani da kalmomin Malama, na ƙara da nawa. Ta saurara da kyau, abin da ba ta saba ba. Na ajiye shi cikin kwano a kan gado na tafi la'asar, daga can na wuce gaisuwar wani mara lafiya.

Da safe, direba na ta oda a ƙofar gida, na ce a miƙo mini kwano. Sai ta miƙo mini wata jar laya mai faɗi, sabuwa fil, da igiyar rataya da ɗan ado a gefe. Maƙwabcinmu baduku ya ɗinke ta ta kowace kusurwa, ɗinkin da ko allura ba za ta sami hanya ba.

"Mene ne wannan?"

"Amanar Malama. Ka ce ba a son rana, ba a son yashi. A kwano za ka kai ta Maigatari kamar tuwo?"

"To ta ina zan buɗe?"

"Malam, kai fa da bakinka ka ce ba a buɗewa."

Na buɗe baki in musa, na tarar gaskiyarta ce. Direba ya sake danna oda. Na rataya abin a wuya, na tura cikin riga.

Da farko ban damu ba, na ce in mun isa sai in farke. Amma hanyar Maigatari tana ba mutum lokacin tunani, tunani kuwa bai taɓa yi mini amfani ba. Na fara tambayar kaina, shin rufin da Malama take nufi a ina yake? A cikin baƙar robar ne? Ɗan ƙarfen bakin ne? Ko duk abin da ya rufe shi ya zama rufinsa? Kakannina duk sun tafi a kan cewa layar da aka farke ta mutu. Malama ta ce wannan ba a buɗewa. Baduku ya yarda, mai ɗakina ta yarda. Ni kaɗai ne ke shirin saɓa wa malaman boko da na gargajiya a lokaci guda. Kafin mu hango manyan motocin bakin iyaka, na manta ma ko diskin jiya da fata yake ko babu.

Kara ta cika, kukan shanu da hayaniyar dillalai. Ɗan ofishinmu ɗaki ɗaya ne, janareta na ruri a bayansa. Shugaba yana ciki da malaman dabbobi biyu, sai wani ardo daga wajen Ɗanzomo da ya kawo bijiminsa a gwada a kansa. Ni Bamange ne shi Bafulatani, akwai wasa tsakaninmu, kullum muka haɗu sai mun yi. Malama an ce ta zauna a waje. Ta taga ina hango ta a kan benci cikin mata masu nono.

Shugaba ya ce, "To, Baba, bismilla. Ina diskin?"

Na sa hannu a wuya na zaro. Kowa ya zuba wa jar layar ido.

"Na ce diski."

"Yallaɓai, yana ciki."

Ardo ya matso ya juya ta a hannunsa, ya yaba ɗinkin. "Kai, Bamange, ashe da gaske ne. Tun jiya ake faɗa a ruga an haɗa wa shanu laya a Gumel. Wa za a rataya wa, bijimin ko injin?"

Don kada a ce ban gwada ba, na kai layar bakin ramin kwamfuta na ɗan tura. Ba ta shiga ba. Na juya ta, ba ta shiga ba. Ɗaya daga cikin malaman ya fita waje da sauri, na ji yana tari irin wanda ba tari ba.

Na ce, "Yallaɓai, tambaya ɗaya kacal zan yi mata."

"Ka tambaya ka faɗi. Haka muka yi." Ya soma naɗe takardar hutun da ke hannunsa.

Ardo ya ce, "Ni dai ban taɓa jin an farke laya ta yi aiki ba. Amma ku Mangawa kullum da sabon abu kuke zuwa."

Gumi ya jiƙa mini hula. Na sake duban taga. Malama ba ta kallonmu ma. Ta cire takalmi saboda kumburin ƙafa, wata Bafulatana na yi mata fifita da faifai, ita kuma ta kafe ido a kan hanyar da motoci ke fita. Sai na ga lissafin bai kai wuyar da na ba shi ba. In na farke ya mutu, ba za ta tafi ba. In ban farke ba, ba za ta tafi ba. Ta hanya ɗaya ce kawai ake da ko da rabin fata.

Na ce, "Ardo, ba ni wuƙarka."

Ya hana ni. "In ba ka ka yanka abin da ke ciki? Kawo nan. Ku ba ku iya komai ba sai cin gero." Ya tsuguna, ya yi bismilla, ya bi ɗinkin nan yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, yana gunaguni da Fulatanci. A ciki baduku ya naɗe diskin da farin zare kamar kowace laya. Muka warware. Ga shi nan baƙi, lafiya lau a ido, sai warin jima.

Na tura shi, ya shige. Na fara farautar baƙaƙe. Wanda ya jera baƙaƙen kwamfuta bai yi ko aji ɗaya ba, don babu wanda ke kusa da ɗan'uwansa. Na samo su da ƙyar, na danna babban maɓalli. Na'ura ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Ardo ya ja da baya. Sai rubutu ya fito, da Hausa, manya-manya: SANNU BABA. ƘIRJIN SANIYAR NAWA NE?

Na amsa da baki, "Yauwa, sannu 'yata," kafin na tuna na'ura ce.

Aka auno bijimi, aka faɗa mini lamba. Na buga. Yatsana ya daɗe a kan sifiri, ashe ya haifi wasu. Na danna. Rubutu ya fito, na karanta da ƙarfi tun kafin in fahimci abin da nake karantawa: BABA, WANNAN GIWA CE. SAKE BUGAWA.

Ardo ya zauna a ƙasa don dariya. "Ta san ka! Wallahi ta san ka!" Shugaba kuwa bai yi dariya ba. Ya leƙa taga ya ga Malama na nan inda take. Ya zagaya bayan kwamfuta ya bi wayoyi da hannu har bango, ko akwai wadda ta fita waje. Ni ma kaina ya sake ɗaurewa. An ce a cire Malama daga aikin, an kawo mutum daga wata ƙasa ya cire ta, ga shi kuma tana ciki tana yi mini tsiya. To an cire ta ne ko an ɗinke ta a ciki?

Na sake bugawa a hankali. Ta tambayi wane magani, na zaɓa. Amsa ta fito. Babban malamin dabbobi ya yi nasa lissafin a gefe, ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya ce daidai ne. Aka kawo karsana, aka kawo maraƙi, ina bugawa tana amsawa. A na ƙarshe har na harɗe ƙafa.

Shugaba ya warware takardar, ya shafe ta a gwiwa, ya sa hannu. Ni na kai mata waje, tunda aikina ne. Ta duba sa hannun ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta buɗe sai ta ga jar fatar a hannun ardo, ta ce, "Wannan fa?" Aka ba ta labari. Ta dube ni, ta dubi fata, hawayen da dariyar suka haɗu. Ardo ya ce shi zai riƙe fatar ya rataya wa bijiminsa, ko banza ta kwana da ilimi.

Washegari ta hau mota. Bayan ruwa ya sauka wani direban babbar mota ya kawo saƙo: ta sauka lafiya, mace, uwa da 'ya ƙalau. Kwamfutar Maigatari kuwa ta ci gaba da aiki duk daminar, tana ce wa kowa Baba, har shugaba, har wani baƙo mai taye da ya zo duba aiki. Shugaba ya ce in gyara ta ta riƙa cewa "ranka ya daɗe". Na ce, "Yallaɓai, an rufe. Ba a buɗewa." Karo na farko ke nan da na faɗi maganar ina da tabbacin ma'anarta, ko da yake in aka matsa mini da tambaya zan koma inda na fito.

Abin da na koya shi ne, mai aikin kirki ba ya ɗaure aikinsa a ƙafarsa don a ce sai da shi. Yakan gyara shi yadda zai tsaya ko ba ya nan, ya kuma yi tanadi domin mutum irina, mai yatsa mai nauyi, ya bar masa gyara ba tare da cin fuska ba. Na kuma koyi cewa ba sai ka gane abu duka za ka iya sauke amanarsa ba, wani lokaci ya isa ka san wanda zai wahala in ka tsaya. Na ukun kuwa domin masu ilimi ne: in za ku yi wa tsoho bayani, ku bi shi gida ku yi wa matarsa, don ita ce za ta aiwatar.